An Ba Da Belina, Aka Rasa Mai Karɓa

Ni mutumin cikin birnin Zariya ne, haihuwar Kusfa. Sunana ba zai amfane ku da komai ba, samari, ku bar shi kawai. Waɗanda suka san ni sun san ni, kuma ba da alheri ba. Abin da nake so ku ji shi ne yadda alƙali ya ce mutum ɗaya tak ya zo ya tsaya mini in tafi gida, na yi wata tara ina jira a garin da aka binne cibiyata, aka rasa mutum ɗayan nan.

Gidanmu gidan ɗinkin hannu ne. Babanmu a zaure ya ƙare rayuwarsa, babbar riga a kan cinya, allura a hannu. Mu biyu ya bari maza. Yaya Garba shi ya yi boko, ya zama malamin firamare. Ni ne auta, ni na gaji allura. Kuma ba yabon kai ba, hannuna ya faɗa. In na zauna wa aska takwas, wato zanen nan na gaban babbar riga, sai ka rantse ba mutum ne ya yi ba. Tun ban yi gemu ba alhazai ke sallama da ni.

To ku lura da yadda sana'ar take, don a nan na fara lalacewa. Mutum zai kawo maka shadda mai tsada, ya ajiye, ya faɗi irin aikin da yake so, ya kama gabansa. Ba takarda, ba shaida. Wata uku, wata huɗu, kayansa na hannunka. Abin da ya riƙe kawai shi ne ya san gidanku, ya san ubanka.

Da ƙyalle na fara. A yanka riga, ɗan abin da ya ragu in ce ai bai kai a mayar ba. Daga nan, wata rana wani Alhaji ya kawo shadda ta gaske, na kai ta kasuwa na sayar, na sayo mai kama da ita mai araha na ɗinka masa. Da ya zo karɓa na miƙa masa ina jiran ya gane. Ya ɗaga riga, ya juya ta, ya ce, "Kai, yaron nan, Allah ya yi wa hannunka albarka." Wallahi da ya zage ni a ranar, da ya yi mini gata. Wannan lokacin kuwa, tsakiyar shekarun tamanin, rayuwa ta yi tsanani, ana layin sabulu da madara, ni kuma ga ni da kuɗin silima da na karta a Sabon Gari. Ban daɗe ba na daina ma wahalar musanyawa. In sayar da shaddar mutum ɗungurungum, in ya zo in ce tana wajen masu bugun riga don ta yi sheƙi. In ya dawo in ce mai bugun ya yi tafiya.

Mutum uku suka haɗu suka kai ni wajen 'yan sanda, daga can sai kotun majistare. Alƙali ya ba da beli. Aka aika wa Yaya Garba, ya taso daga makaranta a kan babur ɗinsa, har da farin alli a hannun rigarsa. Ya shiga ofishin magatakarda, ya miƙa hotunansa, ya sa hannu a wata takarda. Ina tsaye ina kallo, ko kwabo ban ga ya fitar ba. Aka ce mu tafi. A raina na ce, af, ashe abin da ake ta tsorata mutane da shi ke nan?

A hanya ya tsaya da babur ya juyo. Ya ce, "Ranar da aka rubuta za ka dawo kotu. Da sunana aka sake ka. Ka ji ko?"

Na ce, "Na ji, Yaya."

Saura kwana biyu ranar ta cika na hau motar Jos. Da zan ce muku na zauna na auna abin da zai sami Yaya, da na yi ƙarya. Ko tuna shi ban yi ba. A wajena beli yana nufin an sake ka, magana ta mutu. Shekara huɗu na yi tsakanin Jos da Bauci ina cin amanar mutane iri-iri, ko wasiƙa ban taɓa aikowa gida ba.

Da ƙasa ta yi mini zafi a can na dawo Zariya, amma ban shiga birni ba. Na kama ɗaki a Sabon Gari, na zama wai dillalin wasu alhazan Ikko masu sayen manyan riguna. Ina bin ƙauyuka ina karɓar aikin da bayin Allah suka yi watanni suna yi, in ce sati biyu zan kawo kuɗi. Kun san abin da ya kama ni? Kwalliya. Akwai wata riga da ta yi mini kyau na kasa sayarwa, na saka ta na tafi tasha. Wani dattijo ya zo wucewa, ya tsaya, ya ƙura wa ƙirjina ido. Fuskata bai tuna ba, ɗinkinsa ya gane. Ya riƙe wuyan rigar ya ce, "Wata biyar na yi a kan wannan." Kafin in buɗe baki an taru. Na sha duka, ba na ce ban sha ba.

A kotu aka tono tsohuwar ƙarar nan aka haɗa da sabuwa, aka tura ni gidan yari jiran shari'a.

Ku da ba ku taɓa shiga ba, kuna tsammanin abin da ya fi ciwo a can shi ne yunwa ko kwarkwata. A'a. Ranar ziyara ce. Gandiroba ya tsaya a bakin ƙofa yana kiran sunaye, kowa ya kasa kunne. A kira na damanka, a kira na hagunka, ya dawo da ƙullin ƙuli-ƙuli yana ba da labarin gida. Kai kuwa ka yi kamar kana gyaran tabarma. Daga inda nake kwance ina jin kiran sallar unguwannin birni, har ina iya cewa wannan ladanin wane masallaci ne. Gidanmu tafiyar ƙafa ce. Sati uku ba wanda ya leƙo ni.

A na huɗu aka kira sunana. Na fito, sai ga Inna, mahaifiyata, a bayan waya. Na bar ta da ƙarfinta, na same ta ta rame, ƙafafunta sun kumbura, tana magana tana hutawa. Matar da tun rasuwar Baba ba ta wuce ƙofar unguwa sai don gaisuwar mutuwa. Ba ta zage ni ba. Ta dube ni ta ce, "Auta, haka ka koma?"



Ta ce, "Jikin nan ya ƙi. Abu ɗaya nake roƙon Allah, in gan ka zaune a tsakar gida kafin ƙasa ta rufe idona. An ce sai da lauya. A ina ake samunsu?"

Ku ji fa. Mu mutanen birni a lokacin ba mu san lauya ba. Rigimarmu ta gado ce ko ta aure, a je gaban alƙali kowa ya faɗi da bakinsa. Lauya sai a rediyo. Na ce mata ta je bakin kotu ta tambaya, kuma wannan shawarar tawa ita ta jefa ta hannun ɓarawo. A gindin bishiyar kotu wani mai kwat da jaka ya tare ta, ya ce shi lauya ne, alƙalin ma abokinsa ne, ta kawo kuɗin beli jibi in kwana a gida. Inna ta sayar da awakinta biyu ta kai masa. Da ta zo tana ba ni labari da murnarta, tana faɗin yadda ya rusuna ya gaishe ta, yadda ya ce kada ta gaya wa kowa don kada a ɓata aikin, sai na gane an damfare ta. Kalma bayan kalma, maganata ce. Haka nake yi wa iyayen wasu. Ba a sake ganin mai kwat ba.

Wani maƙwabcinmu masinja ne a Kongo, inda ake koyar da aikin lauya. Shi ya ji tausayinta ya ce, "Inna, lauyan gaske ba ya tare mutum a gindin bishiya. Yana da ofis, da allo a ƙofa, in ya karɓi abu ya ba da rasit, kuma za ki gan shi tsaye gaban alƙali." Ya ɗauke ta ya kai ta wani bene a Sabon Gari. An ce sau uku ta zauna a matakala kafin ta kai sama.

Haka na san Lauya Ishaya. Mutumin kudancin Zariya ne, gajere, mai tabarau, Hausarsa tas. Abin da ya karɓa a hannun Inna bai taka kara ya karya ba. Ya zo gidan yari ya zauna gabana da fayil, ya ƙare mini kallo.

Ya ce, "Malam, kafin in ɓata bakina a kotu, gaya mini. Mene ne beli?"

Na ce, "Kuɗin da ake ba da wa a saki mutum."

Ya cire tabarau ya ce, "Shi ya sa. To saurara. Beli ba saki ba ne, kuma ba sayen kai ba ne. Aro ne. Kotu ce ke ba wani mutum aron ka, kamar yadda ake kawo maka shadda a bar ta a hannunka. Shi kuma ya sa hannu cewa duk ranar da aka neme ka zai kawo ka. Kuɗin da ka ji an ambata ba a karɓa a ranar. Rubuta shi ake yi a wuyansa. Ka zo, ba ruwansa. Ka gudu, shi za a kama." Ya buɗe fayil. "Ka san abin da ya sami yayanka?"

Na ce ban sani ba.

"A aji aka je aka ɗauke shi, gaban ɗalibansa. Ya kwana huɗu a tsare. Aka ba shi lokaci ya nemo ka, ya je har Kano da Kaduna yana bin tashoshi. Da ya rasa ka, kotu ta ce ya biya abin da ya sa wa hannu. Ya sayar da babur, ya sayar da gonar da ya gada. Mama ba ta gaya maka ba?"

Ba ta gaya mini ba. Sau biyar tana zuwa, ba ta taɓa ambata ba. In na tambayi Yaya sai ta ce, "Yayanka yana nan lafiya," don ita ba ta kama sunan ɗan fari.

Lauya Ishaya ya yi aikinsa, ba ni da abin da zan ce da shi sai godiya. Mai gabatar da ƙara ya tashi ya ce wannan ya taɓa tsallake beli, kada a ba shi. Lauya ya yi ta fama har alƙali ya yarda, amma da sharaɗi mai tsauri. Mutum ɗaya, mazaunin Zariya, ko ma'aikacin gwamnati ko mai gida da takardarsa, ya zo da hotuna da wasiƙar mai unguwa. Da na ji haka har murmushi na yi a cikin baƙar motar da ke mayar da mu. Mutum ɗaya! Ni da a birni kowane lungu akwai danginmu.

Lauya ya ce in ba shi sunaye. Na ba shi goma sha ɗaya. Bayan sati biyu ya dawo da takardar, duk ya ja layi a kansu. Kawunmu ya aiko yaro ya ce ba ya nan, alhali lauya na jin tarinsa daga zaure. Wani ɗan baffanmu da ke aiki a sakatariya ya ce, "Ina da 'ya'ya." Abokin Baba na ƙut-da-ƙut ya yi kuka, ya yi mini addu'a, ya ce amma hannunsa ba zai hau takardar nan ba. Mai unguwa ya ce duk wanda ya yarda zai ba shi wasiƙa, amma shi ba zai roƙi kowa ba, don ya ga yadda aka yi da Malam Garba. Abokan kartata kuwa, ko cikakken sunansu ban sani ba.

Na ce, "Yaya fa?"

Lauya ya ce, "Ya saurare ni har na gama, ya ba ni ruwa na sha, ya raka ni ƙofa."

Na ce masa na ji akwai waɗanda ake haya a bakin kotu, su tsaya wa mutum da takardun bogi. Ransa ya ɓaci. Ya ce, "Har yanzu kana nan a kai ashe. Ni ba na wannan aikin. In shi kake so, nemi wani."

Sai Inna ta ce ita za ta tsaya. Ta sa aka kai ta wajen mai hoto, karo na farko a rayuwarta. Ta karɓo wasiƙar mai unguwa, ta yafa mayafinta na zuwa biki, ta tafi ofishin magatakarda tare da lauya. Magatakarda ya dube ta ya ce, "Hajiya, ba ma karɓar mace." Lauya ya ce a nuna masa dokar da ta hana. Aka ce ba doka ba ce, haka aka saba. Ya matsa, sai aka ce to ina takardar gida? Kun san gidajenmu na birni, gidan gado ne tun kaka da kakanni, kowa ya san na wane ne, amma ba wanda ya taɓa ganin takardarsa. An ce Inna ta miƙa babban yatsanta ta ce, "Ɗana, ga hannuna, ka dangwala. In ya gudu ku rufe ni, ai ba ni da sauran aiki." Magatakarda ya sunkuyar da kai, ya ce ta yi haƙuri.

Ta zo ta gaya mini da kanta. Ta nuna mini hoton ta cikin waya, tana 'yar dariya, wai ta fito kamar mai jin tsoro. Wannan ne zuwanta na ƙarshe.

Lauya ya shigar da takarda a sassauta sharaɗin. Aka sa rana, aka ɗage. Aka sake sawa, aka ce an canza wa alƙali wurin aiki. Damina ta shigo ta fita. Duk ranar ziyara ina tsugune kusa da ƙofa. Na kai har in gandiroba ya gama kira ya juyo ya dube ni ya girgiza kai, tun ban tambaya ba. A ɗakin ana kirana Mai Beli, ana tsokanata, wai ga wanda aka sallama ya ƙi tafiya. Ina taya su dariya. In na juya bango kuwa, Allah kaɗai ya san abin da nake ciki. Kaɗaici ya ci ni, samari, irin wanda kana cikin mutum hamsin amma ba ka da wanda za ka ce wa ƙafar uwarka ta kumbura.

Wata safiyar Talata, ba ma ranar ziyara ba, aka kira ni ofis. Na shiga na ga Yaya Garba zaune a benci, lauya na gefensa. Ya yi furfura. Takalminsa duk ƙura, da ƙafa ya zo. A hannunsa akwai ambulan. Na durƙusa na ce, "Yaya, ka zo?"

Bai dube ni ba. Ya ce, "Inna ta rasu ranar Lahadi. An kai ta."



Ya ɗaga ambulan ɗin. "Hotunana ne, da wasiƙar wurin aiki, da ta mai unguwa. Wata tara tana roƙona ina ƙi. Ranar Asabar ta riƙe hannuna ta ce in fito da kai. Na ce to. Na makara, wannan ni zan ɗauka har in mutu. Amma na yi mata alkawari, zan sa hannu. Ba don kai ba."

Yanzu zan faɗa muku abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ina durƙushe, hawaye na zuba, gawar uwata ba ta kwana uku a ƙasa ba, da idona ya sauka kan ambulan ɗin nan, abin da ya fara zuwa raina shi ne tashar Jos. Wallahi tallahi. Har na ji kaina ina lissafin motar asuba. A nan na san ko ni wane ne. Duk wata taran nan ina ganin mutanen birni sun yi mini rashin imani, ashe sun fi ni sanin kaina.

Na ce, "Yaya, mayar da hotunanka aljihu."

Sai a lokacin ya dube ni.

Na ce, "In ka sa hannu zan gudu. Ba na so, amma na san zan gudu. Wadda zan fita in gani ta tafi. Ka cika alkawarinka, ka zo. Ni ne na ƙi." Na juya wajen lauya na ce ranar zama na gaba zan amsa laifina, duka biyun.

Lauya ya ce in yi tunani. Na ce na yi. Yaya ya daɗe yana juya ambulan a hannunsa, sannan ya sa a aljihu ya miƙe. A bakin ƙofa ya ce, "Ka yi mata addu'a." Ya fita.

Aka yanke mini shekara huɗu, aka cire watannin da na yi. Na yi su cif. A ciki na koma ga salla, na roƙi Allah gafara, har yau ina roƙo. Ranar da aka sake ni ba wanda ya zo taryata, ban kuma sa rai ba. Na taka har Kusfa na yi sallama a gidanmu kamar baƙo. Yaya ya fito, muka gaisa. Na ce ya nuna mini inda Inna take. Muka fita ta Ƙofar Kuyambana har maƙabarta. Ya yi ta dube-dube. Damina uku ta wuce, ƙasa ta kwanta, ciyawa ta rufe ko'ina, an yi wasu sababbin kaburbura a kewaye. Daga ƙarshe ya nuna wani wuri da hannu ya ce, "Tsakanin nan da can ne." Na tsaya na ɗaga hannu ina addu'a, ban sani ba ko a kanta nake tsaye ko a kan uwar wani.

Yanzu ina haya a bayan ganuwa, ina ɗinkin hula. Ba mai bar mini shadda, kuma ban ga laifin kowa ba. Waɗanda na ci wa amana na bi waɗanda na iya samu, wasu sun yafe, wasu sun rufe ƙofa. Da Yaya muna gaisawa ranar Juma'a. Ban taɓa tambayarsa ko ya yafe mini ba, don ina tsoron amsar.

To samari, ku ji daga bakin wanda ya gani. Kada ku taɓa kayan da aka ba ku amana, ko ƙyalle ne. In tsautsayi ya sa aka kama ɗayanku, kada ku bar iyayenku su miƙa wa mutumin gindin bishiya kuɗi. A nemi lauya mai ofis, a tambaye shi sharuɗɗan belin ɗaya bayan ɗaya har a gane. In kuma wani ya taso ya sa hannu dominka, ka sani wuyansa ya ba ka riƙo. Ranar da aka ce ka koma kotu ka koma, ko da rarrafe ne, ko da ka tabbata ɗaure ka za a yi. Ɗaurin yana ƙarewa, ga ni na gama nawa. Amma ni na tsallake rana ɗaya tak, wata Litinin da ba ta fi zaman awa biyu ba, kuma saboda ita uwata ta mutu tana kallon ƙofar gida, ina nan cikin gari ɗaya da ita, da belina a rubuce.